Wa Ya Ƙirga Ungulun Mahauta?

Wani dare bayan sallar isha'i, muna zaune a dakalin ƙofar gidan wani abokina, gardama ta kaure a kan ungulu. Mu biyar ne, a gari ɗaya muka tashi, kuma duk mun ba hamsin baya. Kowa ya tuna yadda suke jeruwa a kan kwanon mahauta da hantsi, wuya a tsige, suna jiran yaran Sarkin Fawa su watso abin da ba a so. Kowa ya tuna muna jifansu idan an aike mu sayen kayan ciki, su ɗan yi tsalle gefe su dawo kamar ba da su ake ba. Kowa kuma ya yarda yau ko ɗaya babu. Inda aka rabu shi ne yaushe suka tafi. Wani ya ce tun zamanin Babangida. Wani ya rantse ya gan su bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Wani ya ce ai shekarar da ya yi aure ma suna nan, aka ce masa wane auren, na fari ko na biyu? Da dariya aka watse, ba a tsayar da magana ba.

Na kwana da abin a raina. Dattawa biyar, shaidun gani da ido, sun kasa faɗin shekarar da tsuntsu mai girman ungulu ya ɓace daga tsakiyar kasuwarsu. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin hatsari a duniya, ta sa wannan ungulu ta mahauta a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gubar da ake barbaɗa wa mushe, da masu kai kanta da ƙwanta kasuwar 'yan tsibbu, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Amma a garinmu babu ko fallen takarda da zai ce shekara kaza sun kai ɗari, shekara kaza saura goma. Duk mun gani, ba wanda ya rubuta.

A wasu ƙasashe an daɗe da samun masu rubutawa, kuma akasarinsu ba albashi ake biyansu ba. Masu aikin sa-kai ne, ko da yake a arewacin Najeriya yau idan ka ce ɗan sa-kai, mai bindigar toka da gora ke faɗo wa mutum a rai. Waɗannan alƙalami ne makaminsu. Sukan fita yawo a ƙasa, su duba abin da ya tsiro da abin da ya tashi sama, su kira shi da sunansa, su rubuta inda suka gan shi da ranar da suka gan shi. Wannan ɗabi'a, da mutane da yawa ke ɗauka shiririta ce ta wanda ya ƙoshi, ta haura shekara 200, kuma ba a jami'a aka haife ta ba.

A ƙauyukan da ke kewaye da Mancesta ta Ingila, tun daga ƙarshen ƙarni na 18, akwai masaƙa da masu ɗinkin takalma da sauran masu sana'ar hannu da son tsirrai ya shiga jininsu. Kwana shida suna duƙe a kan aiki. Ran Lahadi sai su bazama cikin saura da bakin rafi, su ciko aljihu da ganye da fure. Daga nan a haɗu a ɗakin wata mashaya, don a can ita ce zauren talaka. A zube abin da aka samo a kan tebur. Shugaba ya ɗauki tsiro ɗaya, ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya maimaita ya miƙa gaba, har ya zaga ɗakin. Duk wanda ya taɓa gurfana gaban alaramma ya san wannan hanya: a biya maka, ka maimaita, har ya zauna. Wasunsu ko baƙi ba su iya karantawa ba, amma sun haddace sunayen Latin bila adadin. Sukan yi karo-karo su sayi littafi ɗaya ya riƙa zagawa gida-gida, wanda kuwa ya zo taro hannu rabbana, ko ganye bai kawo ba, tara ta hau kansa.

Ɗaya daga cikinsu, Richard Buxton, mai ɗinkin takalman yara, sai da ya kai shekara 16 sannan ya koya wa kansa karatu. A 1849 ya wallafa littafi a kan tsirran da ke cikin mil 16 daga Mancesta, kowanne da inda ake samunsa. Cikin talauci ya rasu a 1865. Manyan masana na Landan da sauran birane sun sha karɓar samfuri daga hannun irin su Buxton, musamman na gansakuka, wadda sai mai haƙurin durƙuso yake bambance irinta.

Me ya kai masaƙi ga Latin? Abin da ya kai shi shi ne abin da mu ma muka sani. Itace ɗaya ne, amma wani ya ce darbejiya, wani ya ce dogon-yaro, wani maina, wani bedi. Kalgo kuwa suna ɗaya ne da ya rufe itatuwa iri biyu. Tun da Carl Linnaeus na Suwidin ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu a 1753, sai ya zama masaƙin Mancesta da farfesan Jamus za su iya tabbatar da cewa abu ɗaya suke nufi. Ribar ke nan. Hasarar kuwa tana gaba.

Tsuntsaye ne suka mai da abin aikin jama'a da yawa, kuma daga kisa aka faro. A Amurka ta ƙarni na 19 akwai wata al'ada ta ranar Kirsimeti: maza su rabu gida biyu, kowa da bindigarsa, a shiga daji a harbi duk abin da ya motsa, mai gashi da mai fiffike. Da yamma a tara, ɓangaren da tsibinsa ya fi tsawo shi ya ci. A lokacin kuma matan birni na yayin ado da gashin tsuntsu. Wani saurayi mai suna Frank Chapman ya bi titunan kasuwar Niyok a 1886 yana ƙirga hulunan mata. Cikin 700 da ya duba, kusan kashi uku cikin huɗu na ɗauke da gashin tsuntsu, wasu ma tsuntsun ne sukutum a busashe, kuma ya gane iri 40. Ka ji yawon ganin tsuntsaye a kan kawunan mutane. Zamanin ne kuma wata irin kurciya ta ƙasar, wadda garkenta kan rufe rana idan yana wucewa, take ƙarewa a gaban idon kowa. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ran 1 ga Satumba, 1914.

Chapman ya zama masanin tsuntsaye a babban gidan adana halittu na Niyok, yana kuma fitar da mujalla mai suna Bird-Lore. A cikinta ya kawo shawara a ƙarshen 1900: a fita ran Kirsimeti kamar yadda aka saba, amma a bar bindiga a gida, a ƙirga. Mutum 27 suka amsa, a wurare 25, daga Toronto ta Kanada har gaɓar Kalifoniya. Suka ga tsuntsaye wajen 18,500, iri kusan 90. Wayon Chapman shi ne bai yi wa maharba wa'azi ba. Ya bar musu fitar asuba da sanyi da gasa da alfaharin wa ya fi, tsibin gawa kawai ya musanya da jerin sunaye.

Ƙirgar nan ba ta tsaya ba har yau, ƙungiyar Audubon ke riƙe da ita. An yi mata ƙa'ida: da'ira mai faɗin mil 15, rana ɗaya tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu, kuma da'irar bara ita ce ta bana. Da'irorin sun haura 2,000, masu fita dubun-dubata. Abin da ya fi ba ni sha'awa a takardarsu ba sunayen tsuntsayen ba ne, ƙananan tambayoyin gefe ne: ku nawa kuka fita, awa nawa kuka yi, a ƙasa ko a mota, yaya garin yake. Wanda ya ga hankaka goma cikin awa ɗaya da wanda ya ga goma cikin awa takwas ba labari ɗaya suka kawo ba. Da wannan ake tace gaskiya daga idon mutanen da gwanintarsu ba ɗaya ba ce.

Abu biyu suka ƙarasa raba mai kallo da bindiga. Madubin hangen nesa ya yi araha. Sannan a 1934 Roger Tory Peterson ya fitar da ɗan littafi mai shiga aljihu, da zanen kowane tsuntsu da 'yar kibiya tana nuna alamar da ta raba shi da mai kama da shi. Kafin nan, a wurin masana da yawa, tsuntsun da ba a riƙe gawarsa a hannu ba ba a gan shi ba. Kwafi 2,000 na bugun farko nan da nan suka ƙare. A 1966 Chandler Robbins ya ƙaro ƙirgar lokacin sheƙa: mai sa-kai ya bi hanya ɗaya kowace shekara, ya tsaya sau 50, minti uku-uku, yana rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. Da aka tattara irin waɗannan takardu, masana suka bayyana a mujallar Science a 2019 cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 daga 1970, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Yawancinsu ba tsuntsaye ne masu wuyar gani ba, na kullum ne, irin waɗanda ba a kula da su sai an neme su an rasa. Ungulunsu ke nan, sai dai su suna da takarda.

A daidai shekarun da Chapman ke tara masu ƙirga, wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, yana aikin asibiti a Arewacin Najeriya, ya zo a 1905. Duk inda aka tura shi sai ya tara ganye da 'ya'yan itace yana tambayar sunansu da amfaninsu. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowanne da takwaransa na Latin, a 1937 kuma babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har gobe masu bincike a kan magungunan gargajiya suna komawa gare su, kuma ba na rage masa komai. Amma Dalziel ba mafarkin marke da sabara da geza ya yi ba. Wani maharbi ne ya tsaya da shi a rana ya nuna masa, wani bafulatani ya ce wannan shanu na ci wannan yana kashe su, wata 'yar mai ganye ta ce wannan saiwar ta mai jego ce. Su ne masu yawon gane tsirrai na farko a wannan labari namu. Sunan da ke bangon littafin ɗaya ne.

Haka abin ya ci gaba shekaru da dama. An kafa ƙungiyar Nigerian Field Society a 1930, mambobinta na fita rangadin daji a ƙarshen mako suna buga abin da suka gani a mujallarsu. A 1964 John Elgood na Jami'ar Ibadan da Bob Sharland, wanda ya daɗe a Kano, suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsayen Najeriya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, da mujallarta Malimbus daga 1979. Aiki ne mai kyau, da shi ake sanin abin da ke fadamun Kano a wancan zamani. Sai dai a farkon lamari galibin masu yinsa Turawa ne: ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, 'yan kamfani. Ɗan ƙasa yakan zo a matsayin mai ja-gora ko mai ɗaukar kaya. Idan Bature ya gama wa'adinsa ya koma gida, idon da ke kallon wannan fadamar ya rufe.

Dabarar da ta sauya fasalin aikin daga masu tsirrai ta fito. A 1954 ƙungiyar masana tsirrai ta Birtaniya ta ɗora wa Franklyn Perring da Max Walters wani aiki a Kambirij. Suka ɗauki taswirar Birtaniya da Ayalan suka yanka ta gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida kilomita 10 tsawo 10 faɗi, gidaje wajen 3,500. Aka ce wa masu sa-kai kowa ya ɗauki gida, ya zaga shi, ya yi alama a kan duk tsiron da ya samu, har ciyawar da ake takawa a bakin hanya. Mutum wajen 1,500 suka kawo bayanai kimanin miliyan ɗaya da rabi, aka zuba su a katuna masu huji, na'ura ta buga ɗigo a kan taswira. Kundin ya fito a 1962.

Kafin wannan, mai sha'awa inda ya san akwai abin mamaki yake zuwa, kowa ya yi dafifi a dutse ɗaya saboda fure ɗaya. Gidan dara ya tilasta a je inda ba daɗi: bayan masana'anta, gefen juji, gonar da ba komai sai amfanin gona. Ya kuma raba abu biyu da a da suke cakuɗe, wato "babu shi a nan" da "ba a je an duba ba". Sai wanda ya je ya duba ya rubuta duk abin da ya gani ne rashin ganinsa ke zama shaida. Da aka sake zagayen, kundin da ya fito a 2023 ya nuna fiye da rabin tsirran asali na Birtaniya sun ja da baya. Ba don ɗigon 1962 ba, da gardamar dakali za su yi irin tamu.

Masu tsuntsaye suka ari dabarar, ta tsallaka teku. Daga 1987 zuwa 1991 dubban masu sa-kai a ƙasashe shida na kudancin Afirka suka yi nasu kundin. A 2007 aka buɗe zagaye na biyu da gidaje ƙanana, kowanne kamar kilomita 9 a kowane gefe, da sharaɗin cewa sai ka yi aƙalla awa biyu kana nema, ka leƙa kowane irin wuri da ke cikin gidan, ka jera tsuntsayen bi da bi yadda ka gan su. Wannan tsari ne Kenya ta ɗauka, shi ne kuma ya iso mana.

Ana cikin haka waya ta shigo. Jami'ar Cornell da Audubon suka buɗe eBird a 2002, zuwa 2021 bayanan da ke ciki sun wuce biliyan 1. A 2008 wasu ɗalibai uku a Berkeley suka ƙirƙiri iNaturalist a matsayin aikin kammala digiri na biyu: ka ɗauki hoton ƙwaro ko ganye ko ƙadangare, waya ta liƙa masa wuri da lokaci, wasu a ko'ina cikin duniya su duba su ce ga sunansa, idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yi ittifaƙi sai ya shiga rumbun da masana ke ɗiba. Daga 2017 manhajar da kanta take fara canka. Gasa ma ta dawo, a 2016 Los Angeles da San Francisco suka kara a kan wa zai fi tara nau'o'in halitta cikin 'yan kwanaki, yanzu ɗaruruwan birane ke shiga.

Ina da ra'ayi biyu a kan wayar nan, kuma sun ƙi sasantawa. Sunan da ya zo cikin daƙiƙa biyu cikin daƙiƙa biyu yake tafiya. Masaƙin Mancesta ya murza ganyen, ya shinshina, ya faɗi sunan a gaban mutane, ya sha kunya idan ya kuskure. Mai waya yana iya tara hoto dubu bai san ko ɗaya ba idan caji ya ƙare. Amma kuma ƙofar da aka rufe wa masu nuna wa Dalziel hanya ita ce waya ta ɓalle. Yarinya a Dutse ko Maraɗi za ta ɗauki hoto, masani a wata nahiya ya tabbatar, kuma sunanta ne a jikin bayanin, ba na wanda ta raka ba.

A Najeriya cibiyar abin tana ƙauyen Laminga, gabas da Jos, a gindin dajin Amurum. Can aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, tare da Jami'ar Jos, don horar da 'yan Afirka ta Yamma su zama masanan da kansu. Wurin ya dace, don a duwatsun Filato ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu mai cin tsaba wanda sai a 1998 kimiyya ta yi masa suna, alhali yaran ƙauyukan sun tashi suna ganinsa. A ƙarshen 2015 cibiyar ta ƙaddamar da aikin kundin taswirar tsuntsayen Najeriya, Dakta Talatu Tende na cikin jagororinsa. Ƙasar na da tsuntsaye fiye da iri 900, an kuma yanka ta gida fiye da 11,000. Babu cibiyar da ke da ma'aikatan da za su zaga wannan. Sai aka koma ga dabarar Chapman da Perring: aka kafa ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye a jihohi, yawanci ɗalibai da matasa, ana shigar da bayani ta manhajar BirdLasser. A arewa aka samu tawagar Arewa Atlas Team, wadda Abubakar Ringim na Jami'ar Tarayya ta Dutse da abokan aikinsa suka yi rubutu a kan yadda ta cike gidaje masu yawa cikin ɗan lokaci.

Duk da haka, wanda ya kalli taswirar zai ga ba tsuntsaye kaɗai take nunawa ba. Tana nuna inda kwalta ta bi, da inda jami'a take, da inda mutum zai iya rataya madubin hangen nesa a wuya ya dawo gida lafiya. Dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari da Sambisa, inda ya fi kamata a duba, nan ne ba a shiga. Tsirrai kuwa an bar su a baya nesa. Cikin 'yan shekaru aka yi wa madobiya kisan kiyashi ana lodinta zuwa Sin, har sai da aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018, ba tare da an taɓa sanin yawan da ke tsaye kafin zuwan masu injin yanka ba.

Wata safiya cikin hunturu na bi wasu matasa shida zuwa wata fadama a gabashin Kano. Madubi biyu gare su suna karɓa-karɓa, da littafi ɗaya da bangonsa ya sha salatif. Ba fadamar suka fara nufa ba, ƙofar mai unguwa suka yi sallama, suka durƙusa suka gaishe shi, suka nuna masa hotunan littafin. Shugabansu ya ce mini wannan ba ya cikin ƙa'idar da aka rubuta, amma duk ya fi muhimmanci, don baƙo mai leƙe-leƙe da danne-dannen waya a bakin gari yanzu sunansa ɗan leƙen asiri. Mai unguwa ya haɗa mu da wani tsoho, tsohon maharbi, wai ya raka mu kada karnuka su dame mu.

Kafin rana ta yi zafi jerin ya yi tsawo: balbela, zalɓe, hazbiya, cilakowa, shirwa, ragon-maza yana ta gurnaninsa a cikin kaba. Tsohon bai taɓa madubin ba. Kafin su saita shi ya riga ya faɗi suna, wani lokacin daga kuka kawai. A bakin ruwa, tsakanin ƙafafun shanu, wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki suna ta kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Wata ɗaliba cikinsu ta tambaye shi.

"Baba, waɗannan fa?"

"Baƙi ne, 'yata. Da sanyi suke zuwa, kafin shamuwa ta iso sun tafi. Shekara saba'in ina cikin fadamar nan, ban taɓa ganin sheƙarsu ba, ban taɓa ganin ƙwansu ba."

Ta buɗe littafin ta nuna masa taswira, ta ce a Turai suke sheƙa, su ƙetare teku da Sahara su zo nan cin ƙwari. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya kalli tsuntsayen, ya ce, "Ikon Allah. Ashe fatake ne." Ita kuma ba ta san da zuwan shamuwa ake auna tafiyarsu ba, ta rubuta a gefen takardarta. Manhajar iNaturalist tana karɓar sunayen halittu a kowane harshe, duk mai so zai iya ƙara na Hausa, masu ƙarawar ne ba su da yawa. Matasan nan sun fi saurin faɗin sunan tsuntsu da Turanci, wasu ma sai da tsohon ya bambance musu dinya mai fiffike da ɗinya mai 'ya'ya.

A hanyar dawowa muka bi ta mahautar garin da gangan, ranar kasuwa ce, an yi yanka. Hankaki ne da shirwa kawai. Shugaban ya duba agogo, awa uku da 'yan mintuna, ya rufe jerin ya tura, babu ungulu a ciki.

Muna hutawa a gindin wata tsamiya tsohon ya ce ai a da har gauraka na sauka a fadamar nan bibbiyu, idan suna rawa sai ka tsaya kallo ka manta da harbi. Gauraka ita ce ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, kuma cikin matasan shida babu wanda ya taɓa ganinta a daji. Ɗalibar ta ce manhaja ba za ta karɓi wannan ba sai da rana da wata, amma ta zaro littafinta.

"Baba, yaushe rabonka da ganinsu?"

"Shekarar da aka canja kuɗi."

"Wane canjin, Baba? Na fam zuwa naira, ko na zamanin soja da aka sake launi?"

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. "Na farin. Lokacin babban ɗana yana goye, damina ta ƙi, tafkin can ya ƙafe har muka haƙa rijiya a cikinsa."

Ta rubuta 1973, ta sa alamar tambaya a gaba, sannan ta ce ya faɗa mata cikakken sunansa da na mahaifinsa ta rubuta a ƙasa.